Ƙeyar Akawu

Shekara shida Fensir yana auren 'yar Akawu, amma da za a tsare shi a ce ya faɗi ko surukin nasa yana da gashin baki, sai dai ya yi canke. Ba ya kallon fuskar dattijon. Gaisuwa kai a ƙasa, amsa tambaya kai a ƙasa, in kuma tafiya ta haɗa su sai ya bar taku uku a tsakani ya bi baya. Saboda haka abin da ya yi wa farin sani a jikin Akawu shi ne ƙeya. Ita kam ya haddace ta: ninki biyu, ɗan tabo a gefen hagu, da kunnuwa da suka buɗe kamar ƙofofin mota da aka manta ba a rufe ba.

Akawu ya yi shekara talatin yana dukan tafireta a ofis, da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu da fotokwafi. A wurinsa zane ba sana'a ba ce. Duk wanda ya tambaye shi aikin mijin 'yarsa, amsar ɗaya ce: "Yana nan yana wasa da fensir." Daga nan sunan ya manne, har matar ma in ta ji haushi da shi take kiransa.

Sai Allah ya kawo aiki. Wani ɗan kamfani ne mai yin manhajar kwamfuta don shagunan buga takardu, kuma manhajar tana da kyau, in ka samu ta shiga kwamfutarka. Matsalar ke nan. Rabin masu saye a wajen girka ta suke sarewa. Manajar kamfanin, wata mata mai saurin magana da tabarau a tsakiyar kai, ta ce kafin a sake taɓa komai sai an zana mata abin kamar labarin barkwanci na jarida: akwati bayan akwati, ga mutum zaune gaban kwamfuta, ga abin da yake gani, ga abin da yake faɗa a ransa cikin ɗan balan-balan a saman kai. Don wannan aka ɗauki Fensir, aka rataya masa katin shaida a wuya.

Da katin ya je gaishe da surukai, har ya saka farar riga don igiyar ta fito sosai. Akawu ya amsa gaisuwa kamar bai ga katin ba. Amma bayan kwana biyu matar Fensir ta dawo daga gidan iyayenta tana dariya, ta ce ta ji Baba da kunnenta yana gaya wa maƙwabci, "Mijin 'yata aikin kwamfuta yake yi." Fensir ya sa ta maimaita sau uku. Shekara shida yana jiran jimla irin wannan, kuma ya ƙudure a ransa cewa ba zai yarda ta suɓuce masa ba.

Zumuɗi ne ya ja shi. Ranar Asabar ya ɗauki manhajar kamfaninsu ya kai wa Akawu kyauta har shago, ya ce bari ya girka masa.

"Matsa," in ji Akawu. "Tun ba ka iya ɗaura wando ba nake buga takarda."

Fensir ya matsa, ya tsaya a baya, hannu a goye. Shafin farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. A na uku Akawu ya danna maɓallin "Soke," komai ya rufe. Ya sake farowa, ya iso na uku, ya danna "Soke." Sau huɗu ana haka, Fensir yana kallon ƙeyar tana ƙara naɗewa, bakinsa yana ƙaiƙayi amma ba halin magana. A na huɗun Akawu ya ce, "Kayan banza," ya kashe kwamfutar, ya tambaye shi ya yara.

Ranar Litinin Manaja ta wurgo masa zanen da ya fara yi. "Wannan mai kai kamar ƙwallo wane ne? Ba na son ɗan tsana. Mutum nake so, wanda in na gan shi zan ce na taɓa haɗuwa da shi."

Haushin Asabar bai gama sauka ba. Fensir ya ɗauki alƙalami mai kaurin baki, ya shimfiɗa manyan takardu don a hango su daga ƙarshen teburin taro, hannunsa ya tafi shi kaɗai. Kafin azahar ya gama akwati goma sha biyu, dukkansu daga baya, domin ta nan ya san mutumin. Ga ninki biyu, ga tabo, ga kunnuwa, su kam ya ƙara musu taki. A akwati na uku balan-balan ɗin yana cewa, "Ni za a koya wa?" A na bakwai dattijon ya naushi "Soke" da dunƙulen hannu. A na tara yana ɗora laifin a kan wutar lantarki da yaran zamani. A na goma sha biyu ya yi wa kwamfutar harbin jaki, abin da bai taɓa faruwa ba, amma ya yi kyau a takarda.

Ofis ya kwashe da dariya. Nan take aka raɗa wa mutumin suna Baba Soke. Wanda ya fi kowa murna shi ne Injiniya, wanda ya ƙera shafukan girkawar, mutum ne da bai taɓa yarda cewa abin da ya fito daga hannunsa yana da aibu ba. Ya yi fotokwafin akwati na bakwai ya liƙa a ƙofar banɗaki. Kowa ya yi kuskure a ofis, ko da shayi ya zubar, sai ka ji Injiniya ya ce, "Kai dai Baba Soke ne."

Zanen ya yi aiki kuwa. A kansa aka rage shafuka biyu. A kansa aka yi rigima ta awa guda game da maɓallin "Tuna min daga baya," wanda Injiniya ya ce ladabi ne a bar wa mutum zaɓi, Manaja ta ce duk abin da aka ce daga baya an binne shi ke nan, a cire. Aka cire. Shafi na uku ne kawai ba a taɓa ba, tunda zanen Fensir ya nuna ƙarara cewa can ɗin taurin kan tsoho ne.

Ranar Alhamis Manaja ta ce gani ya kori ji, gobe za a kawo mutum na gaske ya girka manhajar a gabansu, a gwada shi da zanen. Ta sa an duba mata wanda ya fi kowa bugo waya neman taimako, an samo wani mai shago da ya kira sau goma sha ɗaya cikin mako guda. Fensir ya yi dariya tare da kowa. Har cewa ya yi, "Allah ya sa ɗan'uwan Baba Soke ne."

Washegari ya shigo da ƙarfe tara yana kaɗa katinsa. A ɗakin jira akwai wani mutum zaune ya ba ƙofa baya. Fensir bai buƙaci ya zagaya ba. Ninki biyu, tabo a hagu.

Sau goma sha ɗaya! Dattijon ya gwammace ya kira baƙi sau goma sha ɗaya da ya tambayi mai wasa da fensir sau ɗaya. Amma ba lokacin jin ciwon wannan ba ne. Ya lallaɓa ta bayan injin fotokwafi ya faɗa ɗakin taro, ya fara ɓamɓare takardu daga bango.

"Me kake yi?" in ji Manaja.

"Ranki ya daɗe, sun yi datti ne, zan sake su."

"Mayar. Da su za mu gwada."

"Cikina ne ma yake ɗan juyawa tun safe."

"Zai daina. Mayar."

Ya mayar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma wannan tsuntsun da hannunsa ya zana hadarin, da alƙalami mai kauri, don a hango daga nesa.

Aka shigo da Akawu cikin rigarsa ta zuwa unguwa, biro biyu a aljihun gaba. Fensir ya rusuna har katinsa ya taɓa ƙasa. "Baba, barka da zuwa."

"Au, kun san juna?" in ji Manaja.

"Mijin 'yata ne," in ji Akawu, ya juya yana neman inda zai ajiye jakarsa.

Juyawar nan ita ta tona asiri. Injiniya yana tsaye da kofin shayi, ya dubi ƙeyar, ya dubi bango, ya sake duban ƙeyar. Shayin ya bi ta hancinsa. Manaja ta sauko da tabarau daga tsakiyar kai, ta duba ita ma, ta mayar da shi, ta aika wa Fensir wani kallo mai cewa za mu yi magana.

Shi kuwa Akawu, maimakon ya zauna, sai ya nufi bangon. Ya goya hannu ya tsaya gaban akwati na ɗaya, ƙeya ta zama goma sha uku a ɗakin. Ya daɗe a nan. Ya matsa na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, kamar mai duba gonar da zai saya, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da tarin Injiniya. A na goma sha biyu ya fi daɗewa.

"Wa ya zana?"

"Ni ne, Baba."

"Hmm."

Ya je ya zauna. Fensir ya riƙe wannan "hmm" yana juya shi a ransa. Sai wata dabara ta faɗo masa, ya kama ta hannu bibbiyu: ai ba wanda ya taɓa ganin ƙeyar kansa. Allah da ya halicci mutum a baya ya ajiye masa ita. Numfashinsa ya ɗan dawo.

Ya ɗauki takarda ya nufi wurinsa na kullum, bayan kujerar dattijon.

"A'a," in ji Manaja. "Akwati goma sha biyu ka ba ni, babu fuska ko ɗaya. Ja kujera ka zauna gefen allon, ka fuskance shi. Yau fuska nake so."

"Ranki ya daɗe, surukina ne."

"Ni a wurina mai saye ne. Zauna."

Haka Fensir ya zauna gaba da gaba da Akawu, taku ɗaya tsakani, ya ɗaga kai da ƙyar kamar an ɗaura masa dutse a haɓa. Ashe akwai gashin baki, fari tas, an daidaita shi da almakashi. Ya fara zana shi don ya samu inda zai ajiye ido.

Shafin farko ya wuce, na biyu ya wuce. Na uku ya buɗe, shafin da Injiniya yake alfahari da shi: dogon bayani da ƙananan haruffa masu launin toka a kan fari, a ƙasa ɗan gurbi kamar ƙwayar gero inda za ka danna ka ce ka yarda, sai maɓallin "Ci gaba" wanda yake a dushe har sai ka cika gurbin. Kusa da shi "Soke," baƙi wuluk.

Fensir ya jira ya ga fuskar "Ni za a koya wa?" Bai gan ta ba. Abin da ya gani dattijo ne ya miƙo wuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya runtse idon hagu, ya ware na dama. A cikin na hagun akwai wani fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa. Ƙwayar idon ba ta bin layi yadda ta mai karatu take yi, yawo kawai take. Hannunsa yana ta kaɗa linzamin kwamfutar yana neman inda 'yar kibiyar allon ta shiga. Gumi ya tsattsafo a saman gashin bakin. Daga baya wannan naɗewar ƙeyar ta yi kama da fushi, daga gaba kuwa tsoro ne tsagwaronsa. Dattijon ya kai kibiyar kan abu ɗaya tilo da yake iya gani a shafin, ya danna.

Komai ya rufe.

"Kun gani ko!" in ji Injiniya. "Baba, ba ka karanta ba ne? Ga shi fa a rubuce, ka cika gurbin tukuna."

"Ba ni da lokacin karanta surutu," in ji Akawu, ya gyara zama yana hura hanci.

Kunya ta rufe Fensir, wata iri dabam da wadda ya saba ji gaban surukinsa. Ya yi mako guda yana sayar da mutumin nan a kan dariya, alhali bai taɓa duban inda matsalar take ba. Kuma ya san abin da zai biyo baya in maganar ta fita: mai shagon buga takardu da aka ce ba ya gani, ko takardar haya ba wanda zai sake kawo masa.

"Fensir, nuna mana fuskar," in ji Manaja.

Ya juya takardar da ya fara, ya ɗauki sabuwa. Ya kwantar da fensir a gefensa ya goge shafin duka da toka-toka, ya murje da babban yatsa har ba a gane komai, sannan ya ɗauki alƙalami mai kauri ya dangwala baƙin tabo guda a kusurwa. Ya ɗaga.

"Ina fuskar?"

"Ranki ya daɗe, wannan shi ne shafi na uku yadda yake fitowa a shago. Rana tana dukan allo, ga ƙura, ga kwamfutoci duk tsofaffi. Ni kaina ranar Asabar ina tsaye a shagon Baba, in ban da baƙin nan ban ga komai ba." Ƙarya ce, ya ga komai tar, amma ya faɗe ta ba ko ƙifta ido.

"Launin toka shi ake yayi yanzu," in ji Injiniya. "Duk manyan kamfanoni…"

Manaja ba ta saurare shi ba. Ta sake buɗe shafin, ta bar tabarau a tsakiyar kai, ta ja baya taku biyu ta duba da idonta na Allah. "Kai! Ina gurbin ma yake?"

"Ga shi nan."

"Ina?"

Injiniya ya nuna da yatsa, yatsan ya rufe gurbin gaba ɗaya. Aka ba shi minti ashirin ya baƙanta haruffan, ya ninka girmansu, ya mayar da gurbin da "Ci gaba" maɓalli ɗaya ƙato mai cewa "Na yarda, ci gaba," ya tura "Soke" can gefe. Ya yi yana gunaguni cewa an mayar masa da aiki kamar allon tallan gefen titi. Akawu ya sake zama, ya danna, ya danna, ya danna, manhaja ta shiga. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa.

"Da haka kuka yi tun farko," ya ce, "da ba ku ɓata min katin waya ba."

Manaja ta ce Fensir ya raka shi. A hanyar fita ya bi ta ƙofar banɗaki ya yage akwati na bakwai ya cusa a aljihu. Suka sauko bakin titi inda tasi ke tsayawa, Akawu a gaba, Fensir taku uku a baya, yana gode wa Allah da ya ajiye ƙeya inda ya ajiye ta.

"Zo nan," in ji Akawu. "Gefena."

Ya zo.

"Kunnuwana ba su kai haka ba."

Fensir ya ja ya tsaya. "Baba…"

"Kuma ban taɓa harbin kwamfuta ba. Da kuɗina na saye ta."

"Baba, wallahi ni ban zaci za ka gane ba."

"Duk sati biyu mai aski yana ɗaga min madubi ya nuna min ita. Surukarka ta yi shekara arba'in tana min tsiya a kanta. Wa ya gaya maka mutum bai san ƙeyarsa ba?"

Fensir ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa a kan titi. Akawu ya riƙo igiyar katinsa ya ɗago shi.

"Tsaya, kada ka tara mana jama'a. Ka san abin da ya sa na daɗe a bangon nan? Wata takwas rabona da in ga abu tangaran. Jarida hazo, waya hazo, fuskar jikokina hazo. A shago yatsuna ne suke aiki, sun san wurin kowane harafi, mai takarda ya karanto in buga. Yau na shiga ofishinku ban ga matar nan ba, ban ga mai tarin nan ba, sai ga zanenka, baƙi, manya, kowane layi a wurinsa. Na san zagina ake yi. Na tsaya ne don daɗin ganin."

Fensir ya ji da ma dattijon ya mare shi, da ya fi sauƙi.

"Ƙaryar da ka yi a ciki na ji ta," in ji Akawu. "Shagona rana ba ta shiga, kai ma ka sani. Ashe wasan fensir ɗin nan aiki ne. Amma 'yata ba ta san maganar idon nan ba, uwarta ma ba ta sani ba. A bar kaza cikin gashinta."

A da, Fensir zai sunkuyar da kai ne ya ce to. Yanzu ya riga ya ga fuskar, kuma ya kasa mayar da idonsa ƙasa.

"Baba, gobe da safe zan zo in kai ka asibitin ido. In yanar ido ce, ana cire ta."

"Za a je. Ka tuna min daga baya."

"Mun cire wannan maɓallin, Baba."

Akawu ya yi tsaki, ya juya masa ƙeya, ya ɗaga hannu da ƙarfi don ya tsayar da tasi. Motar ta rage gudu, direban ya leƙo yana tambaya ko guda nawa za a ba shi. Motar burodi ce.

Dattijon ya sauke hannu a hankali. Ya bari sai da ta yi nisa.

"Ƙarfe nawa ka ce?"

"Takwas, Baba."

"Ka zo bakwai da rabi. Kuma ka tsayar mana da tasi, kana tsaye kana kallon mutane."